A Koya Wa Malaman Asibiti Tambayar Sana'a

DUK wanda ya taɓa raka ɗan'uwansa asibiti a Ikko ko Badun ko Fatakwal ya san yadda ganin likita yake. Za a tambayi mara lafiya sunansa da shekarunsa da inda ke yi masa ciwo, a auna zafin jikinsa, a rubuta masa maganin zazzaɓi ko na tari, sa'an nan a kira na bayansa. Da wuya a ji an tambaye shi irin aikin da yake yi. Alhali kuwa watakila mutumin nan shekara goma ke nan yana fasa dutse a bayan garin Abekuta, ko yana farke tsofaffin batura a kasuwar 'yan gwangwan, ko kuwa yana shiga cikin tankar mai ya wanke ta a Apapa. Tarin da ya kawo shi asibiti can ya samo shi, kuma can zai koma da sassafe da kwalbar magani a aljihu. In ciwo ya ci ƙarfinsa sai 'yan'uwa su yi karo-karo su sa shi a mota zuwa gida. A can zai cika, a ce kwana ne ya ƙare. Lalle ajali gaskiya ne, amma kowane ajali da sanadinsa, kuma wannan sanadi babu littafin hukumar da aka rubuta shi ciki.

Abin ba ƙarami ba ne. A shekarar 2023 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ba da ƙiyasin cewa mutum kusan miliyan 3 ke mutuwa kowace shekara ta dalilin aikinsu. Daga cikinsu kimanin 330,000 ne kawai haɗari ke kashewa, watau irin mutuwar da ake gani da ido, kamar faɗowa daga bene ko inji ya kama mutum. Sauran miliyan 2 da dubu 600 cututtuka ne ke cinye su a hankali: ciwon huhu, ciwon zuciya, ciwon daji. Ita kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2017 kimanin kashi 15 cikin 100 na ma'aikatan duniya ne kaɗai ke da wani ƙwararre da ke lura da lafiyarsu a wurin aiki, kuma galibinsu ma'aikatan manyan kamfanoni ne. Ragowar kuwa, manoma da 'yan kasuwa da 'yan ci-rani, ko oho.

Maganar tambayar sana'a tsohuwa ce. Wani likita mutumin Italiya, Bernardino Ramazzini, ya ga wani mai yashe salga yana aiki cikin gaggawa a gidansa, ya tambaye shi dalilin saurin. Mutumin ya nuna masa idanunsa da suka yi jawur, ya bayyana masa cewa masu wannan sana'a da yawa makancewa suke yi. Daga nan Ramazzini ya shiga bin maƙera da magina da masu haƙar ma'adinai da ungozomomi da masaƙa, har a shekarar 1700 ya fitar da littafi kan cututtukan sana'o'i fiye da 40. Shawarar da ya bai wa likitoci ita ce, a kan tambayoyin da suka gada daga magabata su ƙara guda ɗaya: su tambayi mara lafiya sana'arsa. Shekara 75 bayan haka, a 1775, wani likitan fiɗa a Landan mai suna Percivall Pott ya lura cewa wani irin ciwon daji na fatar maraina ya fi kama waɗanda suka yi aikin share bututun hayaƙi tun suna yara, ya danganta abin da kunkunniyar da ke manne musu a jiki. Ba wata na'ura ya yi amfani da ita ba, lura ce da tambaya.

To, yau wannan fanni ya zama sana'a mai zaman kanta, kuma ba likita kaɗai ke cikinta ba. Akwai likitan ma'aikata, akwai nas ɗin ma'aikata, akwai jami'in kiyaye haɗari, kana akwai wani wanda jama'a ba su cika sanin da shi ba, shi ne malamin awon wurin aiki. Wannan na ƙarshe ba ya taɓa mara lafiya ko kaɗan. Aikinsa shi ne ya rataya wa lebura wata 'yar na'ura a wuyan riga tun safe har tashi, ya ga yawan ƙurar da ya shaƙa. Ya auna ƙarar inji, domin an san cewa wanda ke yini awa 8 cikin ƙarar da ta kai desibel 85 yana kan hanyar kurumcewa. Ya auna iskar rijiya ko ta tanki kafin a bar mutum ya sauka. Abin da aka koya masa da sauran abokan aikinsa shi ne a fara da kawar da abin da ke cutarwa ɗungurungum, in ba zai yiwu ba a musanya shi da mai sauƙin illa, in ba haka ba a killace shi ko a zuƙe shi ko a jiƙa shi da ruwa. Takunkumin hanci da safar hannu su ne a ƙarshen layi. A ƙasar nan sau da yawa da su ake farawa, kuma a kansu ake tsayawa, sabo da su ne masu araha, kuma in ma'aikaci ya kamu da ciwo sai a ce ai shi ne bai sa ba.

Shi kuma likitan ma'aikata, abin da ya raba shi da sauran likitoci shi ne dole ya san masana'anta kamar yadda ya san jikin mutum. Tilas ya san abin da ake narkawa a ɗaki kaza, da abin da ke tashi cikin hayaƙinsa, da gaɓar jikin da yake nufa, da shekarun da yake ɗauka kafin ya bayyana. Ƙurar dutse tana iya yin shekara goma ko ashirin tana taruwa a huhu ba a sani ba, kuma in ta bayyana a hoton ƙirji tana kama da tarin fuka ƙwarai, balle ma sau da yawa tare suke zuwa, domin huhun da ƙura ta ɓata ya fi saurin kamuwa da tarin. Don haka ne a Amurka akwai jarrabawa ta musamman da likita zai ci kafin a yarda da karatun da ya yi wa irin wannan hoto, kuma yakan sake ta bayan 'yan shekaru. Likitan da bai sami wannan horo ba zai yi ta bai wa mai fasa dutse maganin tarin fuka wata shida bayan wata shida, yana mamakin abin da ya hana shi warkewa.

Ƙasashen da suka yi nisa ba da dare ɗaya suka kai inda suke ba. Ingila ta naɗa sufetocin masana'antu huɗu a 1833, amma sai a 1898 ta naɗa mutum na farko a muƙamin likitan sufeto, Thomas Legge, wanda ya yi fama da gubar dalma da ciwon saifa na masu tsefe ulu. Tsangayar da ke ba likitocin wannan fanni takardar ƙwarewa kuwa sai a 1978 aka kafa ta. A Amurka wata mace ce, Alice Hamilton, ta buɗe hanya, kuma labarinta ya shafi baƙi mazauna wani gari fiye da kowa. A wata unguwar baƙi ta zauna a Shikago, cikin mutanen Italiya da Folan da sauran waɗanda suka ƙetaro teku neman abinci. Sa'ad da jihar Ilinoi ta ɗora mata binciken cututtukan sana'a a 1910, masu kamfanoni suka yi ta ce mata ma'aikatansu lafiya lau suke. Sai ta bi leburorin gida gida, ta duba littattafan asibitoci, ta tambayi matansu, har ta gano cewa wanda dalma ta kayar sallamarsa ake yi a ɗauki sabon zuwa, shi ya sa ba a ganin mara lafiya a bakin aiki. A 1919 ta zama mace ta farko da Jami'ar Harvard ta ɗauka koyarwa. Dokar lafiyar ma'aikata ta ƙasa baki ɗaya ba ta zo ba sai 1970, daga bisani kuma gwamnati ta shiga ba jami'o'i kuɗi musamman don su horar da likitoci da nas-nas da malaman awo a wuri guda.

Faransa ce ta fi kowa kula da wani al'amari da ilmi kaɗai ba ya maganinsa, watau 'yancin likita. Tun dokar 11 ga Oktoba 1946 wajibi ne kowane mai ɗaukar ma'aikata ya haɗa su da likitan aiki. Mai kamfani ne ke biya, amma ba shi da ikon korar likitan sai da iznin sufeton ƙwadago. Ba a kuma gaya masa ciwon da ke damun ma'aikaci. Iyakar abin da zai ji shi ne mutumin nan zai iya aikin nan, ko ba zai iya ba, ko kuwa a sauya masa wuri. Har wa yau doka ta ware wa likitan kashi ɗaya cikin uku na lokacinsa don ya bar ofis ya zagaya inda ake aikin. Hikimar abin a fili take. Likitan da albashinsa da kujerarsa ke hannun manaja, komai yawan takardunsa, ranar da gaskiya ta ci karo da ribar kamfani sai ya auna bakinsa. Ma'aikata kuma ba wawaye ba ne: in sun gane cewa gwajin asibitin kamfani hanya ce ta tace marasa ƙarfi a sallame su, za su ɓoye tarinsu har sai sun faɗi. Amma ita ma Faransa ta gamu da cikas, domin likitocin sun tsufa, matasa ba sa shiga fannin sosai, har a 2016 aka gyara doka aka miƙa wa nas-nas da aka horar wani ɓangare na aikin.

Japan ta bi ta wata hanya. Dokarta ta 1972 ta ce duk wurin da ke da ma'aikata 50 sai ya naɗa likitan aiki, in sun kai 1,000 kuwa sai likitan ya zama na dindindin. Da yake babu ƙwararrun da za su cika wannan gurbi, sai aka yi abu biyu. A 1978 aka buɗe jami'a sukutum a birnin Kitakyushu don wannan fanni kaɗai. Sa'an nan aka shirya wa likitocin gari kwas na awa 50 wanda zai ba su damar riƙe muƙamin. Ba mai cewa awa 50 ta isa ta mai da mutum gwani, amma ta isa ta sa ya san abin da zai tambaya da inda zai tura. Ƙasar Finlan, wadda ta kafa cibiyar binciken lafiyar ma'aikata tun 1945 ta kuma yi doka a 1978, ta kai ga kusan tara cikin goma na masu albashi suna da mai lura da su, kuma a can ma nas ce ke ɗauke da mafi yawan nauyin yau da kullum.

Sai dai duk waɗannan tsare-tsare an ɗinka su ne daidai jikin mai albashi, wanda ke da ƙofar shiga da katin aiki da sunansa a littafin biya. Ƙididdigar hukuma a Nijeriya ta nuna cewa fiye da kashi 90 cikin 100 na masu aiki ba irin wannan aiki suke yi ba. Ɗan dako a kasuwar Mile 12, da mahauci a kwatar Oko-Oba ta Agege, da ɗan bola-jari a jujin Olusosun, da mai gadin da ke kwana gab da janareta, da ɗan acaɓa, da mai haƙar rijiya, ba wanda zai naɗa musu likita. Darasin da ya fi dacewa da su yana wajen ƙasashen da halinsu ya yi kusa da na nan.

Indiya ta farka ne bayan masifar Bhopal ta Disamba 1984, inda iskar guba ta tsiyayo daga wata masana'antar maganin ƙwari ta hallaka dubban mutane, likitocin garin kuwa ba su ma san abin da suke yi wa magani ba a daren. A 1987 aka gyara dokar masana'antu, kuma aka fito da kwas na wata uku ga likitocin da za su yi aiki a wurare masu haɗari. Birazil ta sa lafiyar ma'aikata cikin tsarin asibitocin gwamnati, tun 2002 tana da cibiyoyi a jihohi waɗanda ke karɓar kowane ma'aikaci, mai kati da mara kati. Amma Tailan ce ta fi sauko da abin ƙasa. Ta ɗauki malaman ƙananan asibitocin ƙauye ta ba su horo na 'yan kwanaki: yadda za su zagaya gona ko ɗan shago su gane abin da ke cutarwa, yadda za su yi tambayar sana'a, yadda za su yi gwajin jini mai sauƙi ga manoman da ke fesa maganin ƙwari, da lokacin da ya kamata su tura mutum babban asibiti. Su kuma suka koya wa 'yan sa-kai na unguwa. Ba gini aka yi ba, ba a kuma jira an yaye ƙwararru dubu ba.

Akwai kuma ƙasar da ta nuna abin da ke faruwa in an bar ɗan ci-rani ya koma gida da ciwonsa, ita ce Afirka ta Kudu. Shekara da shekaru ramukan zinariya na can suna ɗebo leburori daga Lesoto da Mozambik da Malawi da ƙauyukan gabashin ƙasar. Ƙasar ba ta rasa masana ba. Can ne ma a 1960 wani likita, J. C. Wagner, da abokansa suka tabbatar da alaƙar ƙurar asbestas da wani mugun ciwon daji na fatar huhu. Amma ilmin ya tsaya a birni, baƙaƙen leburori kuwa in kwantiraginsu ya ƙare sai a mai da su ƙauye, inda malamin asibiti bai taɓa jin sunan ciwon ƙurar dutse ba. Kwamitin bincike na alƙali Leon ya faɗa a 1995 cewa babu alamar ƙurar ramukan ta ragu cikin kimanin shekara 50. Sai a 2018, bayan doguwar shari'a, kamfanonin zinariya shida suka yarda su biya diyyar rand biliyan 5, kotu ta amince a 2019. To, a nan ne aka ga ta'asar rashin rubutu. Da yawa daga masu haƙƙin sun riga mu gidan gaskiya, wasu ba a san inda suke ba, wasu ba su da takardar da za ta nuna sun taɓa shiga rami, kuma sai da aka koma ana neman malaman asibitin karkara da za su iya gwajin numfashi da karanta hoton ƙirji. Abu ɗaya mai kyau da ya fito daga wannan tarihi shi ne dokar ma'adinai ta 1996, wadda ta wajabta a yi wa kowane mahaƙi gwaji ranar da zai bar aiki, a ba shi takarda a hannunsa.

Ba sai an je nesa ba. A 2010 yara suka yi ta mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara, suna amai suna shiɗewa. An zaci zazzaɓin cizon sauro ne ko sanƙarau, aka yi ta ba da maganinsu ba a ga sauƙi ba. Sai da ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF suka lura cewa a cikin gidaje ake niƙa dutsen zinariya, a wasu wuraren ma da injin niƙan hatsi, sa'an nan aka aika da jini gwaji aka tarar dalma ce. A wasu yaran yawan gubar ya wuce iyakar abin da na'urar awon ke iya nunawa. Yara fiye da 400 suka rasu. A 2015 abin ya sake aukuwa a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja. Daga baya da malaman awo suka zauna da mahaƙan can suka nuna musu yadda za a riƙa fesa ruwa wajen niƙa, ƙurar dalmar da suke shaƙa ta ragu da fiye da kashi 90 cikin 100. Dabara ce ta bututu da ruwa, abin da ya yi ƙaranci shi ne mai sanin ta. A nan Kudu kuma, a 2025 hukuma ta rufe wasu masana'antun narka dalmar tsofaffin batura a Ogijo ta jihar Ogun, gwajin jini kuma ya nuna gubar a jikin ma'aikata da maƙwabta. Kowa ya san su wane ne ke bin lungu da kura suna tattaro baturan da ake kai wa irin waɗannan wurare, kuma ba a ji wanda ya auna jininsu ba.

Ba dokoki ƙasar nan ta rasa ba. Dokar Masana'antu ta 1987 ta yi maganar ruwan sha da akwatin taimakon gaggawa da fitar da ƙura, sai dai tarar da ke cikinta kuɗin wancan zamani ne, 'yan dubban naira, kuma ba ta san da ɗan dako ba. Nijeriya ta amince da yarjejeniya ta 155 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya a 1994, da ta 187 a 2022. Yarjejeniya ta 161 kuwa, ta shekarar 1985, wadda ita ce ta yi maganar samar da ma'aikatan lafiya na wurin aiki da horonsu da 'yancinsu, maƙwabta sun riga Nijeriya: Benin ta amince da ita a 1998, Nijar a 2009. Akwai kuma Dokar Diyyar Ma'aikata ta 2010, wadda ta sa mai ɗaukar ma'aikata ya riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashi a asusun hukumar NSITF, kuma ta haɗa har da cututtukan sana'a da kurumta. Ya kamata kowane mai aikin kamfani ya san cewa kwana 14 doka ta ba shi ya sanar da maigidansa, shi maigidan kwana 7 ya sanar da hukuma, neman diyya kuma cikin shekara ɗaya. Amma wa zai rubuta cewa ciwon daga aiki ya fito? In babu likitan da ya san haka, diyyar yatsan da inji ya datse kaɗai za a biya, huhun da ƙura ta cinye kuwa ya tafi a banza.

Masu ilmin suna nan, kaɗan ne kawai. Ana koyar da fannin a sashen lafiyar al'umma na jami'o'i irin su Badun, Asibitin Koyarwa na Badun yana horar da nas-nas a kansa, likitocin fannin kuma suna da ƙungiyarsu. Amma mafi yawan waɗanda suka ƙware kamfanonin mai da manyan masana'antu ne ke ɗauke su, ba kuwa laifinsu ba ne, can ne ake biya. Wasu kuma sun bi ayarin masu ƙetare teku. Saboda haka jiran ranar da kowace kasuwa za ta sami ƙwararren likita jiran gawon shanu ne.

Abin da ke iya yiwuwa yanzu shi ne a bi sawun Tailan. Ƙasar nan tana da rundunar malaman lafiya na matakin farko da makarantun koyon aikin lafiya ke yayewa kowace shekara, tana da duba-gari tun zamanin Turawa, waɗanda Yarbawa ke kira wole-wole. Darasin lafiyar ma'aikata yana cikin manhajarsu. Saura a fitar da shi daga aji a kai shi kasuwa. Gwamnatocin Ikko da Ogun da Oyo da Ribas su zaɓi ƙananan asibitocin da ke maƙwabtaka da kwata da tashar tanka da wuraren fasa dutse da kasuwannin gwangwan, a ba malamansu horo na musamman kan sana'o'in da ke kewaye da su. Na kusa da kwata ya san bakkale da ciwon saifa, wanda aka tabbatar da ɓullarsa a dabbobi a ƙasar nan a 2023. Na kusa da 'yan gwangwan ya san cewa ciwon ciki mai murɗa da maƙarƙashiya da sanyin wuyan hannu alamun dalma ne, kuma ya san inda ake gwajin jinin. A katin kowane mara lafiya a ƙara layi ɗaya na sana'a, a kuma hana rubuta "kasuwanci" ko "leburanci" kawai, domin waɗannan kalmomi ba sa faɗin komai. Kuɗin horon kuwa bai kamata ya gagari hukumar da ke karɓar kashi 1 cikin 100 na albashi ba, tun da dokar da ta kafa asusun ta ambaci rigakafi, kuma wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Akwai wata matsala da ta keɓanci 'yan Arewa mazauna Kurmi, ita ce ta harshe. Tambayar sana'a ba ta da amfani in mai tambaya da mai amsa ba sa jin juna. Mara lafiya zai ce shi ɗan gwangwan ne, tafinta ya ce ɗan kasuwa ne, shi ke nan magana ta mutu. Wani kuma kunyar sana'arsa yake ji, wani tsoron kada a ce ya daina. Horon da bai haɗa da wannan ba ya rage saura. A nan ne sarakunan Hausawa na Agege da Idi-Araba da Sabon Badun da Shagamu da sauran zangon baƙi suke da abin yi, su da shugabannin ƙungiyoyin direbobin tanka da mahauta da 'yan gwangwan. Suna da 'ya'yan da aka haifa a nan, masu jin Hausa da Yarbanci da Turanci, waɗanda za a iya ɗaukar nauyin karatunsu a makarantun koyon aikin lafiya da sharaɗin su dawo su yi aiki a unguwa. Ƙungiyar da ke karɓar kuɗin tikiti kullum za ta iya ware wani abu ta gayyato malamin awo sau ɗaya a shekara, ya zo ya ga inda ake farke batir da inda ake cin abinci, waɗanda sau da yawa tabarma ɗaya ce. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, don haka in an zo zagayen a sa tsofaffin ma'aikata a gaba, su ne suka san wane ne ya fara tari a wace shekara, kuma a wane lungu yake aiki.

Sa'an nan ga maganar littafi. Kowace ƙungiya tana da sakatare da ke rubuta wanda ya biya da wanda bai biya ba. A ƙara masa shafi: sunan mutum, garinsu, aikin da ya yi, shekarar da ya fara, da ranar da aka sa shi a mota zuwa gida ba shi da lafiya. Wanda zai tafi kuma a ba shi 'yar takarda mai ɗauke da wannan bayani, ya nuna wa malamin asibitin Gumel ko Illela ko Maraɗi in ya isa, don kada a sake farawa da maganin zazzaɓi.